Yadda Za Ki Ɓuya Bayan Dabaran Idan Kawu Ya Tambayi Ranar Shuka

Idan kawunki ya yi sallama, ya cire takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a ƙafa yana leƙen gabas ta saman katanga, to ki sani ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Manomi ne, bazara ta zo ƙarshe, kuma wani mai dogon baki ya shaida masa cewa taurari kika karanta a jami'a.

Kada hankalinki ya tashi. Wannan jagora naki ne, ke mai digiri da kunya, wadda ta gwammace ta kurɓi tafasasshen shayi da ta dubi babba ta ce masa “ban sani ba”. Ki bi matakan nan yadda aka jera su. Ina ba ki tabbaci za ki fita bazara da mutuncinki a cike, ba ki yi ƙarya ko ɗaya ba, ba ki kuma amsa tambaya ko ɗaya ba. An gwada hanyar a Kankiya a kan wata Jamilatu, ta kuwa yi aiki sarai, har zuwa ranar da yarinyar ta daina bin umarni.

Ga abin da ya kamata ki sani game da ita. Fiziks ta karanta, kuma kundin kammala digirinta kaf a kan tauraro ɗaya ta rubuta shi, wani tsohon ƙato mai launin ruwan goro da ake kira Dabaran. Ta san faɗinsa, ta san zafinsa, ta san nauyinsa. Ranar saukar ruwa a ƙasar Kusada kuwa, ita da akuyar gidansu iliminsu ɗaya. Shi kuma Kawu Dalhatu, yayan mahaifiyarta, a ƙauyen Boko na ƙasar Kusada yake noma, kuma buhu ɗaya tak na irin gyaɗa ya rage masa. Bara waccan ya yi sammakon shuka, rana ta ƙone tsiron. Bara ya yi jinkiri, ruwa ya ɗauke gyaɗa ba ta ƙosa ba. Ɗan abin da aka tsira da shi ke cikin buhun nan, kuma matarsa Inna Rahamatu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ke gadinsa. In buhun ya tafi a banza, babu gona, babu ƙuli, babu kuma zaman lafiya a gidan Kawu.

Mataki na 1: Ki bar sunan ya yi miki aiki

Ba sai kin yi dogon bayani ba. Masu lissafin damina a ƙasar nan sun jera taurarinsu tun kaka da kakanni, kuma a jerin nasu Dabaran ne na ƙarshen bazara, daga shi sai taurarin ruwa. Kowane tsohon manomi ya san sunan kamar yadda ya san sunan maƙwabcin gonarsa. Ke dai ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki faɗe shi a hankali.

Haka Jamilatu ta yi, ko da yake ita ba da dabara ta yi ba.

“Malama Jamila,” in ji Kawu bayan an gama tambayar mutan gida da zafi, “an ce mani taurari aka koya maku can. Duka kika haɗa, ko zaɓa kika yi?”

“Ɗaya ne, Kawu.”

“Wane daga ciki?”

“Dabaran.”

Sai da Kawu ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

“Dabaran? Namu na gona? Ulfa!” Ya ƙwala wa ƙanwarsa kira, tana madafa. “Kin ji ikon Allah? Shekara da shekaru yarinyar ga na zaune bisa Dabaran, ni ina can ina ƙona iri, ba wanda ya hwaɗa mani!”

“Yaya, ka bar ta ta huta mana,” in ji Umma daga cikin hayaƙi. “Kwanan nan fa ta dawo daga bautar ƙasa.”

“Hutun mi? Ɗiyata, dube ni nan. Yaushe zan zuba gyaɗa?”

A nan gaskiya za ta taso miki har maƙogwaro. Ki haɗiye ta da miyau. Ki tuna wannan mutumin ne ya goya ki a mashin zuwa tasha ranar da za ki fara tafiya jami'a, akwatinki a kan tanki, yana tsayawa yana shaida wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Irin wannan ba a ce masa an dawo hannu biyu. Idan kika ce “Allah ne masani”, ba laifi, gaskiya ce, amma kada ki zaci za ta cece ki. Jamilatu ta gwada.

“Wannan ko jinjiri ya sani,” in ji Kawu. “Ai shi ya sa Ya ɗiba Ya ba ku kaɗan. Kaɗan ɗin nike tambaya.”

Mataki na 2: Ki amsa tambayar da ba a yi miki ba

Ilimi mai zurfi ba ya tafiya kai tsaye. In ya tafi kai tsaye mutane sai su ɗauka su ma sun iya. An tambaye ki rana, ke ki ba da launi.

Jamilatu ta ƙura wa tabarma ido, ta fara karanto babi na biyu na kundinta da ka, da irin muryar da ta kare shi gaban malamai, wato wadda sai an matso ake ji. Ta ce Dabaran tsoho ne, ya girmi ranarmu nesa ba kusa ba. Ta ce tauraro kamar murhu yake, yana da makamashin da yake ci a tsakiyarsa, ana ce masa haidurojin. Na Dabaran na tsakiya ya ƙare, yanzu na gefe-gefe yake lasa. Fatarsa ta huce, ta koma ruwan goro kamar garwashin da ya fara lafawa. Zafinta bai kai digiri dubu huɗu ba, alhali na rana ya kai dubu biyar da ɗari biyar.

Kawu na jinjina kai a kowace gaɓa, kamar mai sauraron tafsiri.

“Ya huce, kika ce?”

“Daga waje, Kawu.”

“Alhamdulillahi. Zahin ga ya kusa ƙarewa ke nan. Ni ma na ji iskar asuba ta sake.”

Ki lura da kyau, ba ita ta faɗa ba. Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Ke naki ki kawo magana tsirara ki ajiye a tabarma. Dattijo da kansa zai ɗinka mata riga, kuma tunda shi ya ɗinka, ba zai taɓa cewa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba.

Kawu ya hau mashin ya kama hanya yana murmushi. Sai da ya hango rumfunan kasuwar Kusada ya tuna ba a ba shi rana ba.

Mataki na 3: Kowace magana ki haɗa ta da mai ƙaryata ta

Hatsarin magana ɗaya shi ne mutum na iya aiki da ita. Saboda haka ki riƙa ba da su bibbiyu, ɗaya na ja gabas ɗaya na ja yamma, mai tambaya ya tsaya cak a tsakiya.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya aiko Jamilatu ta je Boko ta gaida Innarta. Ta tarar da Inna Rahamatu gaban kasko, tana murza ƙuli tana jefawa a mai. Da gyaɗar saye take aikin, kuma duk wanda ya gifta sai ta sanar da shi cewa ta saye ce. Buhun iri na can ƙuryar ɗakinta, an ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, an ɗaure bakinsa da tsohon ɗankwali.

“Ci gaba daga inda muka tsaya,” in ji Kawu, ya gyara zama a kan turmi. “Rahamatu, ki saurara, karatu za a yi.”

Jamilatu ta ce da makamashin tsakiya ya ƙare, sai Dabaran ya kumbura. Faɗinsa yanzu ya ninka na rana sau arba'in da huɗu. Kuma duk da ya huce, saboda girman jikin, haskensa ya ninka nata sau ɗari huɗu da wani abu.

“Arba'in da huɗu!” Kawu ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin da buhun yake, da girmamawa. “Buhu guda shi ba da arba'in da huɗu. To ina za mu zuba su? Rumbun ga ba ya ɗauka.”

“Sai ka gina wani cikin bakinka, akwai fili,” in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. “Ke Jamila, wannan ƙaton naku, da nauyi gare shi ko iska ce?”

Tambaya ce mai kyau, har Jamilatu ta manta da kunya na ɗan lokaci, ta ɗaga kai. Ta ce ai abin mamakin ke nan, Inna, nauyinsa kaɗan ya ɗara na rana, jikin ne kawai ya bazu. In aka raba nauyin da girman, iskar da ke tsakar gidan nan ta fi shi kauri.

“Fanko ke nan,” in ji Inna, ta juya ƙuli da matsami. “Na san irinsu. Akwai guda a gidan ga.”

“Da tauraron take, ɗiyata, kar ki damu,” in ji Kawu.

Ya ture hula ya sosa ƙeya. Yanzu arba'in da huɗun nan, na ƙwaya ne ko na fanko? Ya dubi Jamilatu, Jamilatu ta dubi kasko. Ba a shuka komai ba, ba a kuma fasa komai ba. Wannan shi masana ke kira nasara.

Mataki na 4: In an ce ki nuna shi, ki nuna rana

Dole wata rana a ce ki nuna tauraron. A nan Allah ya rufa miki asiri. A daidai kwanakin da ake lissafa wa Dabaran, yana can kusa da rana a sararin sama, tare suke fitowa tare suke faɗuwa, haskenta ya rufe shi ruf. Wato lokacin da kowa ke nemansa, lokacin ne ba ya ganuwa. Duk wanda ya taɓa bin sawun babban mutum a ofis ya san wannan ɗabi'a.

Da la'asar Kawu ya ja ta ƙofar gida.

“Nuna mani inda yake zama, in riƙa sanin wajen da zan duba.”

Ta nuna wajen rana da ɗan yatsa, kanta a ƙasa. Kawu ya kare fuska da hula ya ɗaga kai.

“Kawu, kada ka kalle ta, tana ɓata ido.”

“Ban ga komi ba, sai hawaye.”

“Ba ya ganuwa yanzu. Sai nan gaba, da asuba.”

“Ya shiga halwa ke nan,” in ji Kawu, yana goge ido da hannun riga. “Manya haka suke.”

Idan aka ƙara matsa miki, ki jefa nisa. Nisa na da daɗin faɗa, kuma ba mai zuwa ya gwada. Jamilatu ta ce ko da ya ganu, hasken da ido zai gani ba na yau ba ne. Ya baro can tun shekara sittin da biyar da suka wuce, yana ta gudu ba tsayawa, sai yanzu ya iso.

Kawu ya lanƙwasa yatsu yana motsa leɓe, sai ya tafa hannu.

“Shekarar da aka haihe ni ke nan! Tsohuwarmu ta ce shekarar an yi ruwa har kwaɗi suka kore mu daga ɗaki.”

“Labarin da ya shekara sittin da biyar bisa hanya,” muryar Inna ta fito daga zaure, “shi za ka shuka mani gyaɗa a kai? Ko daddawa ce ai ta gaji.”

“Wa ya sa da ke? Magana ce ta masu ilimi.”

“To ku biyu ne a wajen, mai ilimi ɗaya na gani.”

A irin wannan wuri kada ki sa baki. Miji da mata in sun kama, mai digiri kujera ce kawai a tsakar gida. Ki lallaɓa ki nemi takalminki.

Mataki na 5: Ki ji tsoron sa'a

Har zuwa nan ba ki cuci kowa ba, kuma ana iya jan abin a haka har kaka. Abin da ke lalata wannan sana'a shi ne ki faɗi daidai ba da niyya ba.

Wata safiya aka yi yayyafi a ƙasar Kusada, irin wanda ke sa ƙasa ƙamshi ya tayar wa manomi da hankali. Maƙwabtan Kawu suka saɓi sungumi. Wayar Jamilatu ta yi ƙara tana tsakiyar wanke-wanke.

“Ɗiyata, an ɗan taɓa mu. Ashiru ya fita, Ma'aruf ya fita. In fita?”

Hannunta duk kumfa, ta lalubo abin da ya rage a babi na uku. Ta ce Dabaran ba ya saurin juyawa. Rana kan juya a kan kanta cikin abin da bai kai wata guda ba, shi kuwa tun da ya kumbura sai ya fi shekara kafin ya kammala juyi ɗaya.

Carar wani zakara ta shigo wayar daga can Boko.

“Na gane,” in ji Kawu. “Dattijo ba ya rawar jiki.” Ya kashe.

Ya zauna a gida. Sama kuwa ta ɗauke kamar an murɗe famfo. Tsiron Ashiru da na Ma'aruf suka leƙo, rana ta yi musu sannu da zuwa, suka kwanta ba su ƙara tashi ba. Da kasuwa ta zagayo babu rumfar da Kawu bai tsaya ba a Kusada. A rumfar masu taki ya ce ɗiyarsa ta hango farin tun daga Kankiya. Kafin labarin ya isa teburin mai shayi ya zama tana gaisawa da tauraron ta kwamfuta. Wani dattijo ya taso tun daga Sukuntuni da zabi biyu a hannu, yana son a duba masa ko Dabaran ya ce wani abu game da waken suya. Jamilatu ta maƙale bayan ƙyaure, Umma ta ce masa ba ta jin daɗi. Ba ƙarya ta yi ba, don tun ranar yayyafin abinci ya daina wuce wa yarinyar. Umma ta kuma mayar masa da zabinsa, matakin da wannan jagora bai goyi baya ba.

Da baƙon ya tafi, Umma ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

“Ke, fito. Tsakaninki da Allah, kin san abin nan da yayana ke yawo da shi a kasuwa?”

“Umma, shi dai tauraron, haskensa kan ɗan ƙaru ya ɗan ragu, ba a kan ƙa'ida ba…”

“Ni na haife ki, kada ki karanta mini babi.”

Jamilatu ta shiga murza gefen hijabi. Umma ta dube ta, ta dubi sama, ta koma madafa tana cewa Allah ya kyauta. Washegari sai ga leda cike da ƙuli daga Inna Rahamatu, babu saƙo babu komai, wanda a wurin Inna daidai yake da lambar girma. Jamilatu ta kasa cin ko ɗaya.

Ke kada ki rame. Ki ci ƙulin, ki karɓi zabin. Kuma ki guji uwa, domin wannan hanya ba ta aiki a kan wadda ta yi miki wankan jego.

Mataki na 6: Ki yi tattalin kayanki

Tauraro ɗaya ne, siffofinsa kuma ba su da yawa. In kika rabar da su kamar goron ɗaurin aure, ranar da za ki fi buƙata za ki laluba ki ji wayam. Ki riƙa gutsurawa. Faɗi kaɗai ya isa ziyara biyu in kin iya jan magana.

Jamilatu ba ta yi tattali ba. Ranar da ruwan gaske ya sauka, wanda ya cika kwatoci ya kwantar da dangar maƙwabta, abu ɗaya ya rage mata, wato babin ƙarshe, mai bayanin yadda tauraron zai mutu.

Da hantsi sai ga mashin a ƙofar gida, Kawu a gaba, Inna Rahamatu a baya, buhun iri a tsakaninsu kamar mara lafiyar da za a kai asibiti. Inna ta ce ba za ta bar shi a gida ba, ba kuma za ta bar Kawu ya fita da shi shi kaɗai ba. Aka jingine shi a gindin tagar Umma, inda ƙasa ta fi tsanewa. Inna ta shige ɗaki su gaisa da Umma. Kawu ya jawo kujera kusa da buhun ya zauna, laka har gwiwar wandonsa.

“Na tona da hannuna, danshi ya sauka ƙwarai,” ya ce. “Yau ba ni son launi, ba ni son nisa. Gyaɗar ga, in ɓare ta in zuba, ko in jira ruwa na biyu?”

Ki tuna, irin gyaɗa a cikin ɓawonsa ake ajiye shi. In an ɓare, ba ya son dogon jira, sai ƙasa.

Jamilatu ta durƙusa. Ta ce a ƙarshen rayuwarsa Dabaran zai yar da duk wannan ƙaton jikin na waje, ya watse a sarari, a bar 'yar ƙwaya fara a tsakiya, wadda ba ta fi duniyarmu girma ba amma mai nauyin gaske.

Sai da ta rufe baki sannan ta ji abin da ta faɗa.

Kawu ya miƙe zumbur.

“Shi yar da ɓawo, a bar ƙwaya! Allahu akbar! Yau kam kin yi Hausa. Ulfa! Rahamatu! A kawo tabarma da faifai, ɓara za a yi!”

Ya kama ɗankwalin da ke bakin buhun ya shiga kwancewa.

Ga mai bin wannan jagora, nan ne ƙololuwa. Ba ki ce a shuka ba, kuma babu shaidar da zai rantse kin ce. In gyaɗa ta yi, ke ce. In ta ƙone, fassara ce ta karkace. Abin da ya rage miki kawai ki ce “Allah ya ba da sa'a”, ki shige ɗaki ki ja ƙofa.

Mataki na 7: Kada ki dubi hannunsa

Wannan mataki ya fi duk sauran, kuma a nan aka yi asarar Jamilatu. Ki dubi ƙasa, ki dubi kaji, ki dubi farcenki. Kada ki dubi hannun dattijo yana kwance ɗaurin da matarsa ta yi wata da watanni tana gadi. Ita ta duba. Ta ga ƙullin ya ƙi, yana ta cakularsa da farce, har ya sunkuya zai sa haƙori.

“Kawu.”

“Na'am, Malama.”

“Abin nan da na faɗa, sai nan da miliyoyin shekaru zai faru.”

“To ai gara a shirya da wuri.”

“Kawu, Dabaran bai san da Boko ba. Bai san da gyaɗa ba. Wuta ce kawai can nesa tana cin kanta. Ni kuma…” Ta ɗago kai ta dube shi. “Ban san ranar ruwa ba. Ba a koya mana ba. Ko ranar yayyafin nan ba sani na yi ba. Don Allah kada ka ɓare saboda ni.”

Ta runtse ido tana jiran abin da zai biyo baya. Wata kaza ta zo ta tsattsagi gefen buhun, ba wanda ya kore ta.

Kawu ya saki ɗankwalin, ya koma kujera, ya ciro goro daga aljihu ya ɓantara. Ya daɗe yana tauna. Sannan ya sunkuyo ya yi abin da a ganinsa raɗa ce. Kawu kuwa mutum ne da ya saba hira daga wannan gona zuwa waccan, raɗarsa har zaure ake jin ta.

“Ɗiyata, kin ɗauka ni yaro ne? Da farko na ɗan sa rai, ba ni ƙarya. Amma tun ranar da kika nuna mani rana kika ce yana ciki, na san inda muka dosa. Wa ya san ranar ruwa? Liman bai sani ba, rediyo ba ta sani ba, balle wani garwashi da ko ganinsa ba a yi.”

“To me ya sa, Kawu…”

“Shekara biyu ina yanke shawara da kaina, shekara biyu ina cin tuwo da gori. Safe gori, yamma gori, har gaban surukai. Bana na ce kayan ga ba ni ɗaukar su ni kaɗai. In gyaɗa ta yi kyau, alhamdulillahi, ni na noma. In ta ƙone, sai in ce, to Rahamatu, jami'a ce ta ce, tauraro ne ya ce, tahi ki yi faɗa da shi in kin iya hawa. Ke kuma tana jin nauyinki, ba ta iya yi maki gori. Kin ga kowa ya tsira.” Ya miƙo mata ɓarin goron. “Don haka share hawayenki. In sun fito, ki maimaita zancen ɓawon nan da ƙarfi, ki ɗan ɗaga hannu sama. Sauran ki bar mani.”

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba ta da hannu a duk abin da zai same ki, ko kawunki, ko gonarsa. Ba ta ɗauki alhakin iri ba, ko tsiro, ko fari, ko ambaliya. Alƙaluman Dabaran gaskiya ne gwargwadon abin da masana suka auna. Abin da kawunki ya ji kuwa, tsakaninsa da kunnensa ne. Mai ƙorafi ya aika wa tauraron kai tsaye, ya kuma bar wa jikokinsa wasiyya su karɓi amsa.

Musamman ba ta ɗauki alhakin tagar ɗakin Umma ba, wadda take buɗe tun safe don a sha iskar ruwa. Babu matakin da ya ce a zauna a gindinta.

Labule ya ɗaga. Inna Rahamatu ta fito, mayafi a kafaɗa. Ba ta dubi Kawu ba, shi kuma goron ya tsaya masa a kunci. A wucewa ta dafa kan Jamilatu sau ɗaya. Ta sunkuya ta ƙara wa bakin buhun ƙulli, ta ci ɗamara da mayafin, ta jawo shi ta aza a ka, ta gyara masa zama. Ta zura takalmanta a bakin zaure, ta wuce mashin ɗin da ke jingine, ta miƙe hanyar tasha.